Rijiya Huɗu a Sama, Turke a Ƙasa

Duk wanda ya taɓa hango mace tana daka daga nesa ya riga ya san rabin sirrin taurarin nan masu nuna hanya, ko da bai taɓa leƙa aji ba. Kana bakin gona, ita tana can gefen gari. Sai ka ga taɓarya ta faɗa turmi shiru, sai an fara ɗaga ta sannan ƙarar ta iso kunnenka. In ka matso, ido da kunne su kusa daidaita. In ka ƙara nisa, sai ka rantse dakan daban, ƙarar daban. Mutum mai lura, daga jinkirin nan kaɗai zai ce maka tsakaninsa da turmin tafiyar kaza ce.

Aikin da wayarka ke yi ke nan duk sanda ka buɗe taswira, ɗigon nan shuɗi ya fito ya ce ga ka nan. Can sama, nisan kilomita dubu 20 da 'yan kai, akwai taurarin ɗan Adam da ba su da wata sana'a sai daka. Kowanne na ɗauke da agogon da ba ya gaba ba ya baya, yana ta shela dare da rana: ni ne wane, ina wuri kaza, yanzu ƙarfe kaza. Shelar na tahowa da gudun haske, kilomita dubu 300 a sakan guda, kafin ka ƙifta ido ta sauka. Waya ta duba lokacin da aka yi dakan da lokacin da ƙarar ta iso, ta fitar da nisa. Turmi ɗaya ba ya isa, iyakarsa ya gaya maka nisa, ba zai ce kana gabas da shi ko yamma ba. In ka ji uku daga kusurwa uku, wurin tsayuwarka ya fito. Na huɗun ana ƙara shi ne saboda agogon cikin wayarka irin na 'yan tebur ne, ba a yarda da shi ba. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ya isa ya ɗauke ka daga ƙofar gidanku ya ajiye ka mita 300 gaba, a unguwar da ba a san ka ba.

Af, kafin in manta, tauraron ba ya ganinka. Mai daka ba ta san wa ke jin ta ba, mutum ɗaya ne ko gari guda. Shi ya sa duniya duka ke saurare a lokaci ɗaya ba a turereniya, kuma ba ya cin kati. Taswirar da ake ɗora ɗigon a kanta ita ke shan data. In kuwa wani ya san inda kake, wayarka ce ta kai tsegumi.

To kayan wa ne? A nan labarin ya koma na rijiyar attajiri. Amurka ce ta fara haƙa tata, GPS, ta harba tauraron farko a 1978, kuma don sojojinta ta haƙa, ba don 'yan unguwa ba. A 1983 wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu ya ɓace hanya ya kutsa sararin Tarayyar Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka hallaka. Bayan wannan ne Shugaba Reagan ya ce in rijiyar ta kammala kowa ya zo ya ɗiba. Ta kammala a 1995. Sai dai mai rijiya ya yi wata dabara: ruwan gidansa garau, wanda yake bai wa jama'a kuwa sai ya kaɗa masa laka da gangan, har na'urar farar hula takan kauce wa gaskiya da kusan mita 100. Sai a Mayun 2000 Shugaba Clinton ya sa aka daina kaɗa lakar. Dare ɗaya ruwa ya kwanta.

Kowa ya ji daɗi. Amma wanda ya taɓa zama unguwar da rijiya ɗaya ce, kuma ta mutum ɗaya, ya san irin zaman. Ka yi ta gaishe shi har ƙasa, ko akuyarsa ta cinye maka shuka ba ka cewa uffan, don makullin murfin na aljihunsa. Masu hali sai suka ce kowa ya haƙa tasa. Rasha dama ta fara tata, GLONASS, tun 1982. Da Tarayyar Sobiyet ta watse kuɗin yasa ya yanke, rijiyar ta kusa ƙafewa, sai a 2011 ta sake cika. Tarayyar Turai ta haƙa Galileo, ta fara ba da ruwa a ƙarshen 2016. Sin ta kammala BeiDou a 2020. Indiya da Japan kuma suka haƙa 'yan madaidaita, NavIC da QZSS, masu shayar da yankinsu kawai. Yau taurarin da ke wannan aiki sun haura 100, kuma wayar zamani tana ɗiba daga manyan huɗun a lokaci guda ba tare da ta nemi izininka ba. An ga ranar hakan a Yulin 2019, sanda Galileo ta tsaya cik kusan mako guda. Yawancin masu waya ko labari ba su ji ba.

Sai dai haɗa huɗun nan bai zo da sauƙi ba. Ka je Dawanau ko kasuwar Maraɗi, ka ƙaddara kowane ma'auni ya zo da mudun garinsu, wannan mai zurfi, wancan an bubbuge masa gindi. Ranar ciniki ba zai ƙare da salama ba. Haka taurarin suka taso, kowace ƙasa da mudunta. Agogo ma bai zo ɗaya ba. Na GPS an tayar da shi a farkon 1980, yanzu yana gaban agogon duniya da sakan 18. Na BeiDou yana bayan na GPS da sakan 14. Na Rasha kuwa lokacin Mosko yake bi. Sakan 14 ba komai ba ne wurin mai jiran tuwo, amma ga abin da ke gudun haske, tafiya ce da ta ninka nisan wata fiye da sau goma. Ga kuma siffar duniyar kanta, kowa da ƙwaryar da ya kifa ya ce ga girman ƙasa, ga inda cibiyarta take. Ga batun murya: lasifika huɗu in suka buɗe a rumfa ɗaya, ba wanda za ka ji.

Ba da fara'a aka fara sulhun ba. Da Turai ta ce za ta haƙa tata, Amurka ta ɓata rai, balle da ta ga zangon da Galileo ke son magana a kai ya hau kan na sojojinta. Aka yi shekaru ana ja-in-ja, sai a Yunin 2004 suka sa hannu: na soja ya tsaya gefe, na farar hula kuma a yi shi a zango ɗaya da salo ɗaya, yadda kunne ɗaya zai ji duka biyun. A ƙarshen 2017 Amurka da Sin ma suka fitar da sanarwa mai kama da haka.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta shigo ne a matsayin sarkin kasuwa. Daga babban taron sararin samaniya da aka yi a Vienna a 1999 aka soma zancen, a 2005 aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa kan taurarin nuna hanya, wanda ake kira ICG, ofishin Majalisar mai kula da harkokin sararin samaniya a Vienna ke riƙe masa takardu. A 2007, a Bangalore ta Indiya, masu taurarin suka buɗe nasu zauren a ciki. Najeriya na cikin mambobin kwamitin. Amma sarkin kasuwa ne marar dogari. Ba ya cin tara, ba ya ƙwace mudun kowa. Iyakarsa ya shimfiɗa tabarma shekara-shekara, kowa ya fito da mudunsa a gwada a gaban jama'a, ya faɗi da nawa nasa ya fi ko ya gaza. Kuma ana jin maganarsa. Kada ka ɗauka imani ne ya kama manya, ciniki ne. Kamfanin waya ba zai yi wa kowane tauraro kunne daban ba, wanda duk ya ƙi shiga sahu zai yi ta shelarsa ba mai saurare.

Wannan a sama ke nan, kuma a ganina an ci rabin yaƙi a can. Yanzu mu sauko ƙasa, inda ƙafarmu take.

Ɗigon wayarka yakan kauce da mita uku zuwa biyar. In gidan biki kake nema, ba laifi, kiɗa zai ƙarasa da kai. Amma fili hamsin-hamsin kowane gefensa mita 15 ne da ɗan ɗori. Kuskuren mita biyar ɗaki guda ne har da baranda, kuma an sha zuwa gaban alƙali a kan abin da bai kai haka ba. Safiyo santimita yake nema, faɗin yatsa. Yaya zai same shi daga shelar da ta taho daga nisan kilomita dubu 20?

Ka tuna zamanin gyaɗa, lokacin da manomi ke kai buhunsa gaban sikelin da bai yarda da shi ba. A ce akwai wani dattijo a bakin layi da dutsen da kowa ya san nauyinsa. Da safe ya ɗora shi a sikeli, ya juyo ya ce, jama'a, yau sikelin na cin kaza. Kowa sai ya ƙara wannan a lissafin buhunsa. Irin dattijon nan ake kafawa da siminti da ƙarfe: na'ura a kan ginshiƙi ko rufin bene, an auna mazauninta har an gaji, ba ta motsi dare da rana. In taurari suka ce mata ta matsa mita biyu gabas, ta san ba ta je ko'ina ba, sai ta aika wa duk masu awon da ke kewaye ta layin waya cewa ga ƙaryar wannan sa'a, ku cire. Safiyo na tsaye a kusurwar fili da sandarsa mai faifai a ka, yana kallon ƙwayar ruwan da ke jikin sandar don ta miƙe sak, lambobin allonsa na ta rawa, can sai su nutsu. Nan yaronsa zai haƙa rami a binne bikon, wato alamar iyaka. Sai dai muryar dattijon ba ta nisa. In ka wuce 'yan gomman kilomitoci, ƙaryar da yake gani ba ita kake gani ba.

Daga ina ƙaryar take, tunda an daina kaɗa laka? Mafi yawanta daga iska. Can saman sama akwai wani shimfiɗi da rana ke gasawa har ya cika da lantarki, shelar tauraro in ta ratsa shi sai ta yi jinkiri, yau da yawa gobe kaɗan, kamar kiran da aka yi maka ranar da iska ke kaɗawa. Abin ya fi muni a ƙasashen da ke kusa da layin tsakiya na maganaɗisun duniya, layin nan kuwa ta Najeriya ya ratsa. Bayan magariba iskar can sama kan hautsine har na'ura ta saki tauraron da take riƙe da shi, musamman a shekarun da rana ke tashen ƙarfi, wanda ke zagayowa kusan duk shekara 11. Lissafin gyaran da aka fara yi kuma daga sararin Turai da Amurka aka ɗebo yawancin awonsa, rigar wani aka ba mu mu sa. Don haka tashar da aka kafa a Afirka ba sadaka ba ce. Masu taurarin na bukatar awonmu don su gyara nasu lissafin. Tun 2009 cibiyar kimiyya ta Abdus Salam da ke Trieste a Italiya take tara malaman jami'o'in Afirka tana horar da su a kan wannan fanni. Cibiyoyin koyar da ilimin sararin samaniya masu alaƙa da Majalisar Ɗinkin Duniya, ta Ile-Ife ga masu Ingilishi da ta Rabat ga masu Faransanci, waɗanda aka buɗe a 1998, su ne kuma rumfunan yaɗa bayanan kwamitin ICG a nahiyar.

Dattawan nan masu dutse suna da adashensu na duniya, IGS, wanda ya soma aiki a 1994. Ba gwamnatin da ta mallake shi. Jami'o'i da hukumomi fiye da 200 ne, kowa ya kafa tasha da kuɗinsa ya zuba awonta a asusu ɗaya, tashoshi sama da 500, kuma kowa na iya ɗauka kyauta, har wanda bai zuba ba. Da wannan awo ake gano ainihin inda kowane tauraro ya bi, har zuwa 'yan santimitoci, don shi kansa tauraron ba ya faɗin wurinsa daidai. Amma ka dubi taswirar tashoshin. Turai ta cika maƙil kamar tururuwa ta samu sukari. Afirka kuwa kamar bakin tsoho, haƙori nan, haƙori can.

Sai babbar magana, maganar turke. Jakin da aka ɗaure, in aka tambaye ka ina yake, sai ka ce kamu biyar gabas da turke. Amsa ce mai kyau muddin ni da kai turke ɗaya muke nufi. Kowace taswira da turkenta, wato wuri guda da aka ce daga nan za a fara ƙirga komai. Turawan mulkin mallaka kowa ya kafa nasa a inda ya ga dama. Na Najeriya yana Minna, wani wuri mai lamba L40, daga shi aka ja sarƙar awo tudu zuwa tudu har ta karaɗe ƙasa. Na Sudan Adindan, can wajen iyakarta da Masar. Gana na da nata a Akara. Faransawa suka kafa nasu daban a ƙasashensu. A zamanin da awo sai da sarƙa da madubin hange, ba wanda ya damu, don kowa a gidansa yake kiwo. Taurari kuwa turkensu cibiyar duniya ce. Ka ɗauki lambobin tsohuwar takardar fili da aka auna daga Minna ka zuba a waya yadda suke, za ta kai ka gomman mitoci nesa da filinka, ka tsaya kana nuna gonar wani da yatsa. Takardar ba ta yi ƙarya ba, wayar ma haka. Turaku ne biyu.

A bakin iyaka abin ya fi fitowa. Taswirar ƙasa biyu maƙwabta in ka haɗa su, kamar riga ce da teloli biyu suka ɗinka, kowa da tef ɗinsa: hanya ta zo bakin iyaka ta karkace, kogi ya yi tsalle. Aiki irin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, ko bututu, ko wayar lantarki da za ta tsallaka iyaka, dole tun farko injiniyoyi su zauna su yarda da turke ɗaya. Wannan ne ya sa shugabannin hukumomin awo suka fitar da sanarwar Windhoek a Namibiya a 2002, suka ce a yi wa Afirka duka ma'auni ɗaya, AFREF, da goyon bayan hukumar tattalin arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Adis Ababa. Dabarar ba wuya: kowace ƙasa ta kafa tashoshinta na dindindin, ta buɗe awonsu ga kowa, a ɗaure su duka a turken duniya. Najeriya ta fara nata a 2008 ƙarƙashin ofishin Babban Safiyo na Tarayya, da suna NIGNET, da tashoshi a wurare irin su Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Birnin Kebbi, da Yola, da Toro ta jihar Bauchi inda hukumar sararin samaniya ta ƙasa ke da cibiyar nazarin awon ƙasa.

Shekara 20 da ɗoriya ke nan daga Windhoek, kuma ba za a ce an gama ba. Abin da ke hana ruwa gudu ba wani zurfin ilimi ba ne. Sayen jaki ba wuya, harawa ce aiki. Tasha ba ta kai kuɗin motar babban jami'i guda ba, kuma masu ba da tallafi na son sayen ta, don ana yanka kirtani a ɗauki hoto. Bayan an watse sai a bar ta da bukatunta: wuta ba yankewa, batirin da za a canza in ya mutu, intanet da za a biya duk wata, mutum mai albashi da zai leƙa ya ga ko tsawa ta ƙona wani abu. Tashar da ta yi wata shida a kashe, awonta ya zama tsumma mai huji. Wasu ƙasashen kuma sun kafa, amma sun kulle awon a durowa, wai sirrin tsaro, alhali kowa na ganin rufin fadar shugabansu a waya. Adashen da kowa ke son ɗauka ba mai son zubi, ka san inda zai kwana.

In ka ce a auna sau ɗaya a huta mana, to ga abin dariya: turken ma tafiya yake. Ƙasar Afirka ɗungurungum tana jan jiki zuwa arewa maso gabas, kamar santimita biyu a shekara, kwatankwacin tsiron farce. Jaki da turke da gonar da maƙwabta duk tare suke tafiya, shi ya sa ba ka ji. Amma taurari na gani. Yaron da aka haifa bana, kafin ya aurar da 'yarsa gidansu ya matsa kusan mita guda a idon sama. Gabashin nahiyar ma yana ɓallewa a hankali da nasa gudun. Don haka awon ba ya ƙarewa. Kuma ba mamaki da ƙasar da ta gabatar da ƙudurin ma'aunin duniya ɗaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairun 2015 ba Amurka ba ce ba Sin ba. Fiji ce, 'yar ƙasar tsibirai a tekun Pasifik. Wanda teku ke cin gindin katangarsa shi ya fi kowa son sanin ko ruwan ne ke hawa ko ƙasar ce ke nutsewa, kuma milimita yake ƙirgawa.

Akwai wani haɗin da ya burge ni. Jirgin sama mai sauka cikin hazo ba ya son "wataƙila". Amurka da Turai da Indiya da Japan duk suna da tsarin da ke tattara gyaran tashoshin ƙasa, a tura shi ga wani tauraro, shi kuma ya watsa wa jirage, ya yi kururuwa cikin 'yan sakanni in wani abu ya lalace. Hukumar ASECNA mai hedkwata a Dakar, wadda ke kula da sararin ƙasashe irin su Nijar da Chadi da Kamaru, ta tashi yin nata. A Satumbar 2020 ta fara watsa siginar gwaji, kuma ta kan wane tauraro? NigComSat-1R na Najeriya, wanda Sin ta ƙera ta harba a Disambar 2011. Injiniyoyin Faransa suka taimaka da fasahar, aka gwada da jirgi a Lome a farkon 2021. Girkin gidan biki ke nan, tukunya ta wannan, itace na wancan, mai tuƙi daga wani gida. Turai ma tun Janairun 2023 take watsa gyara kyauta ta Galileo, mai kawo kuskure zuwa kamar taƙi guda. Ba na cewa don Allah ake duk wannan. Wanda ya ba ka tukunya kyauta ya san wa zai sayar maka da murfi, kuma da Sin ta buɗe cibiyar BeiDou a Tunis a 2018 ta san kasuwar da take hange. Amma mai saye da dillalai huɗu ke zawarci ya fi mai dillali ɗaya kwanciyar hankali.

Wanda ke son ganin iyakar abin da na'urar nan za ta iya, ya dubi iyakar Najeriya da Kamaru. Kotun Duniya ta yanke hukunci a Oktoban 2002, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya don a shata kusan kilomita 2,000 daga tafkin Chadi zuwa teku. Takardun da aka dogara da su na Turawa ne, irin yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 da ta Ingila da Faransa ta wajen 1930, kuma da kogi da dutse da ƙauye suka kwatanta iyaka. Masu awon ƙasashen biyu da na Majalisa suka fara kafa ma'auni ɗaya da taurari, sannan suka bi daji da tsauni tare, ana yarda ana kafa ginshiƙan siminti. Inda aka samu tsaiko na shekaru ba santimita ce ta kawo shi ba. Takarda ta ce kogi kaza, a ƙasa kuma kogin ya rabu biyu ko ya sauya hanya, ko ƙauyen ya tashi ya koma gaba da sunansa. Na'ura za ta gaya maka inda ka tsaya har faɗin yatsa, amma ba ta san wane reshen kogi Bature ya nufa ba.

Haka yake a gona. Gamba da aguwar da kakanni suka shuka a kan iyaka, da kukar da kowa ya sani, da dagaci da dattawan da suka ga rabon gado, su ke faɗin ta wane ce. Safiyo rubutawa yake, yadda in kukar ta faɗi, dattawan suka kwanta dama, maganarsu ba za ta bi su ba. Burtali ma haka: in ba a zauna da manomi da makiyayi an yarda ga faɗinsa ba, auna shi da taurari huɗu sai dai ya ƙara wa rigimar lambobi. Kuma ba kowane fili ke bukatar santimita ba, ba a auna gero da sikelin zinariya. Ruwanda ta yi rajistar filaye sama da miliyan 10 tsakanin 2009 da 2013, yawanci da hotunan sama da matasan ƙauye da aka koya wa aikin, mai fili da maƙwabcinsa na tsaye suna nuna iyaka. A 2014 ƙungiyar masu awo ta duniya da Bankin Duniya suka fitar da shawara a kan wannan hanya, cewa a yi awo daidai bukata, a ƙara masa kyau in hali ya samu. Tsadar tana tsakiyar birni, inda taƙi guda kuɗi ne.

In kana da takardar awon fili a akwati, ka fito da ita ka duba gefe ko ƙasanta. Mai awon kirki yakan rubuta daga wane ma'auni ya auna, Minna ko WGS 84 na taurari, da lambar shiyya, da lambar kowane bikon. In babu, ka koma ka tambaye shi tun yana da rai, ya rubuta maka ya sa hannu. In kuma maƙwabci ya zo da waya a hannu yana cewa katangarka ta shigo masa da mita uku, ka ba shi ruwa ya sha, ka ce ya dawo gobe war haka ya sake tsayawa a wurin, ku ga ko ɗigon zai maimaita maganarsa.